Kunyar da Suruki Bai Gani Ba

Duk wanda Allah ya so ya jarraba da ciwon da ba ya kisa kuma ba ya warkewa, sai ya haɗa shi da ƙungiyar ƙwallon da ba ta cin wasa. Tawa jarrabawar ma ta fi ta kowa ban haushi, don ko wanda zan kai wa kuka babu. Ƙwallon Amurkawa nake bi, wanda suke kira na ƙafa alhali rungumarsa ake yi a zura da gudu, kamar wanda ya saci gwanda a kasuwa.

Na kamu ne a shekarun da man fetur ya kwance wa gwamnati bakin jaka, ana ta tura mu kwas ƙasashen waje kamar ana rabon goron ɗaurin aure. Ni wani gari mai sanyin tsiya a Amurka aka fara jefa ni, wata tara, in koyo aikin ruwan famfo. Dattijon da na zauna a gidansa tsohon direban bas ne. Sau biyu ya kai ni filin wasa, sau biyun kuma aka lallasa 'yan garinsu a gabanmu. A na biyun na waiga na ga yana share hawaye da hularsa ta ulu mai launin ƙungiyar. Mutumin da ya ciyar da ni wata tara, ya koya mini sa safa biyu, ai ba zan bar shi shi kaɗai cikin wannan wulaƙanci ba. Da zan taho ya ba ni hular, na karɓa hannu bibbiyu, ban san wahala na karɓa ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan ba shi da wuyar ganewa. Ƙarti goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kowa da hular kwano, an cusa musu abubuwa a kafaɗa sun yi tozo, ga wando ɗamamme wanda ko a uwar ɗaka ba zan yarda in sa ba. Kafin su taɓuka komai sai sun haɗa kai sun yi mitin. Su watse, su duƙa suna hararar juna, a yi karon daƙiƙa biyar, kowa ya zube a kan ɗan'uwansa, a busa usur, a koma mitin. Ni ma'aikacin gwamnati ne, wannan tsarin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Babbar dokar ɗaya ce: ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma na fili. In kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kasa ku miƙa wa abokan karawa ƙwallon. Ƙungiyata ta ƙware ƙwarai wajen miƙa ƙwallo.

Na koma gida na yi aure, ba a jima ba aka sake turo ni kwas London, wannan karon da matata. Muka kama flat a unguwar Catford, hawa na biyu: ɗaki ɗaya, falo, kicin, banɗaki, da wani siririn lungu da ya haɗa su, wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Na ɗauka nisa zai warkar da ni. Ina! Sai na gano akwai tashar sojojin Amurka a Jamus da rediyona ke kamawa in rana ta yi sanyi, a wuri ɗaya tak, kan tagar falo, eriya jingine da ƙarfen labule. Daga watan Satumba ake fara wasa, ranar Lahadi da ƙarfe shida na yamma agogonmu. Ba kullum suke kawo namu ba, sai in za mu kara da manya, wato in za a yanka mu a bainar jama'a. Sauran ranakun sakamako kawai suke karantowa, shi ma ya ishe ni ihu.

Ihu kam ina yi, ba zan ɓoye ba. Ina zagin mai horar da su da Hausa tsantsa, ina ba mai jifan ƙwallonmu shawara alhali teku guda ce tsakaninmu. Wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasanmu takan bugo rufin ɗakinta da sandar tsintsiya, wannan ita ce kaɗai gaisuwar da ke tsakanina da ita. Matata kuwa da ta ga na ɗauko hular ulu sai ta ce, "Yau ma mayanka za ku?" Wani ɗan baffanta da ya zo sayayya ya kwana biyu a wurinmu, ya koma gida ya baza labari cewa mijin auta, wato ni, yana da iskokai, duk Lahadi suke tashi, da Turanci ake kiransu amma da Hausa suke amsawa.

A shekararmu ta biyu, matata na da cikin fari wata biyar, wasiƙa ta zo cewa mahaifinta na tafe za a yi masa aikin ido. A lokacin duk mai hali, ko mai ɗa mai hali, London yake kawo ciwonsa. Can a ƙarshen wasiƙar aka maƙala ainihin maganar: uwarta na son ta dawo gida goyon ciki. Al'adarmu ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta ta haihu, ta yi wankan jego, a dawo da ita in an ga dama. Yayarta da ta yi irin wannan tafiyar, sai da yaron ya fara rarrafe mijinta ya sake ganin ƙeyarta, shi kuwa unguwa biyu ce tsakaninsu. Wai Baba zai duba zamanmu. In ya gamsu ya bar ta, in bai gamsu ba su tafi tare.

Ni dai ban so tafiyar nan ba. Ƙafafun matata sun fara kumbura, unguwarzomar asibitin unguwarmu na auna jininta duk mako biyu, garinsu kuma tafiya ce mai nisa kafin a kai asibitin kirki. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa wa mutane, kuma gaskiya ne. Wanda ba na faɗa shi ne ina son matata, ina tsoron hunturun London ni kaɗai, ina kuma son in ji kukan ɗana na farko da kunnena maimakon in karanta labarinsa a wasiƙa. Ita ma ba ta son tafiyar, amma ba 'yar da za ta dubi ubanta ta ce masa haka.

Baba tsohon malamin awon gona ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana bin ƙauyuka da sarƙa da turaku, ana cewa ko gonar ƙaninsa bai ƙara wa taku ɗaya ba. Ba ya wargi, ba ya son mai wargi, ga shi labarin iskokaina ya riga ni isa kunnensa. Yanar ido ta rufe masa duka biyun, haske da duhu kawai yake bambancewa. Sai na ƙudura a raina zan nuna masa kunyar surukuta irin wadda ko a zamanin kakanni ba a yi ba. Na naɗe hular ulu na tura ƙarƙashin katifa, na ɗauke rediyo daga taga, muka kafa masa gado a falo.

Tun daga filin jirgi na fara aiki. Na cire takalmi a kan daɓe mai sanyi na zube na gaishe shi, Turawa na kewaye ni da akwatunansu. A gida kuwa, in zan shiga falo tun daga bakin ƙofa nake tsugunawa, kai a ƙasa, murya can cikin maƙogwaro. In ya fito alwala ya biyo lungun nan yana laluben bango, sai in faɗa kicin in lafe har ya wuce. Abinci a tsaye nake ci a kicin, ina tauna a hankali kada a ji. Dariya na daina ta gaba ɗaya, har da matata a ɗaka, don bangon gidan kwali ne. Magana kuwa ta bakinta muke yi, tunda ita auta ce, ba ta jin nauyinsa kamar yayyenta. Muna falo ɗaya, taku uku tsakaninmu, zai ce, "Ce wa mijinki an gode da bargo." Ni kuma in raɗa mata, "Ce wa Baba ba komai." Baiwar Allah ta zama tafinta tsakanin Hausa da Hausa.

Lahadin farko na kakar wasa na shige banɗaki da rediyo, na hau gefen bahon wanka na manna eriya jikin famfo. Ba abin da na samu sai ƙara irin ta suyar ƙosai. Sai ranar Talata na sayi jaridar Amurkawa a bakin tashar Charing Cross, na ga an ci mu, ci irin na rashin imani. Na haɗiye abina a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko tsaki ban yi ba.

Lahadi ta biyu Baba na kwance a asibiti, an yi aikin idon dama an naɗe shi da bandeji. Lokacin ziyara ya faɗo daidai lokacin wasa. Na tsuguna a gindin gadonsa awa guda cur, har wata nas ta sunkuyo ta tambaye ni me ya faɗi ta taya ni nema. Can Baba ya juya kai wajen 'yarsa ya ce, "Ke kaɗai kika zo?"

Ta ce, "Ga shi nan, Baba, tun ɗazu."

Ya ce, "Uhm."

A hanyar gida ta ce mini, "Don Allah ka ɗan saki jikinka da shi. Jiya ma sai da ya tambaye ni wai ko lafiyarka ƙalau."

Na ce, "Kin ji ko? Maganar iskokin nan yake bincike. Ke me kika sani a surukuta?" Sai na ƙara ƙaimi. Wasan ranar ma an ci mu. Jarida ta ce mai jifanmu ya yi ta jefa wa abokan gaba ƙwallo a hannu, sai ka ce bakance ya yi.

Da aka sallamo Baba, likita ya kafa masa dokoki: ba sunkuyawa, ba tari mai ƙarfi, ba dariya mai girgiza jiki, sujada ma da ishara zai yi daga zaune, har ɗinki ya kama. Haka yake wuni a kujera, ido ɗaya a naɗe, ɗayan ba ya gani. Lahadi ta uku bayan magariba ya ce da 'yarsa, "Wai gidan nan ko rediyo babu ne? Mutum ya ji motsin 'yan Adam mana." Kafin in hana ta har ta ɗauko ta ɗora a taga, ta jingina eriya da ƙarfen labule, ta murɗa. Da gangan ta yi, na ga yadda take danne dariya. Sai ga ihun filin wasa ya cika falo, kuma namu ne, da zakarun bara muke karawa.

Na tsuguna a bakin ƙofa na cusa gefen rigata a baki. Allah ya sani na sha azaba a ranar. Ana kayar da mai jifanmu ina jin kamar haƙarƙarina ake takawa, amma ko nishi ban yi ba.

Baba ya kasa kunne jim kaɗan ya ce, "Tambayi mijinki, yaƙi ake yi ko zaɓe?"

"Ce wa Baba wasa ne."

"Me ake nema a wasan?"

"Ce masa fili ake ci, yadi goma-goma."

Sai na ga ya gyara zama. "Wa ke aunawa?"

"Ce masa akwai masu sarƙa a gefen fili. In an yi gardama su shigo da ita."

"Sarƙa?" Ya juya fuskarsa gaba ɗaya wajen rediyon. "Mai turaku?"

"Ce masa turke biyu, kowane baki da ɗaya."

"Tamu ƙafa sittin da shida ce, gaɓa ɗari. Tasu fa?"

"Yadi goma."

"Ta yara ce," in ji shi, amma na ga yatsunsa na motsi a kan gwiwa, yana ƙirga wani abu. Ya yi shiru yana jiran in ci gaba da bayani, ni kuma na yi shiru ina jiran ya yaba da ladabina. Da aka tashi, an ci mu kamar yadda aka saba, ya ce, "Ce masa me ya hana shi komawa bayan masu ci?" Ina da amsa mai tsawo a bakina, labarin tsohon direba da hularsa da hawayensa. Sai na ce, "Ce wa Baba ba a yin haka." Ya sake cewa, "Uhm."

Lahadi ta huɗu sakamako kawai aka karanto. Wasa huɗu, shan duka huɗu. Washegari da safe ina ɗaura agogo zan fita, na ji ya ce, "Ce wa mijinki ya je ya kama mana kujera biyu a jirgi, Alhamis ta bayan mako biyu. Maganar da uwarki ta aiko ni da ita, na duba." Matata ba ta maimaita mini saƙon ba. Ta shige kicin ta buɗe famfo ya yi ta zuba don kada a ji kukanta. Ni kuwa na tsuguna a bakin ƙofa na ce, "To, Baba."

Na je ofishin jirgi na yi booking, na rubuta sunanta da hannuna. Ranar ban shiga aji ba. Na yi ta tafiya a bakin kogi, zuciyata ta yi baƙi ƙirin, ina neman inda na yi kuskure. Ka ji wautar ɗan Adam: abin da na yanke shi ne tsugunnona bai yi ƙasa sosai ba.

Lahadi ta biyar Baba da kansa ya ce a kawo "akwatin masu sarƙa". Aka yi sa'a namu ne kuma. Ga mamakina sai matsiyatan nan suka tashi wasa tsakani da Allah. Suna tarewa, suna kamawa, har mai jifanmu ya tuna launin rigar 'yan'uwansa. Ana saura kaɗan a tashi, an fi mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙwallo na hannunmu, mun kusa ƙarshen fili. Dama ta huɗu ce, abin da ya rage mu ci bai kai yadi ɗaya ba. Suka yi mitin ɗinsu, suka duƙa, aka miƙa wa wani ƙato da na san shi tun ina can, mai ƙirar buhun gero. Mai sharhi ya kwarma ihu cewa ya wuce. Sai kuma ya ce a dakata, alƙali ya kira masu sarƙa. Filin ya yi tsit, falonmu ma ya yi tsit. Aka ja sarƙa, aka kafa turke, aka ce saura faɗin yatsa biyu, mu miƙa ƙwallo.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ƙarya ne! Wallahi tallahi ƙarya ne! Ɓarayi, azzalumai, Allah ya isa tsakanina da ku! Shi kuma wannan jakin, mutum tsawonsa yadi biyu an ce ya ci ɗaya ya kasa? Ai ko suma ya yi ya faɗi ta gaba ya ci biyu! Uwarsa ta yi asarar nono!"

Na cire hulata na maka da ƙasa, na yi fatali da tiren shayi, cokula suka tarwatse.

"Kai!" in ji Baba, da wata murya da ban san yana da ita ba. "Wa ya ajiye ƙwallon a inda aka auna?"

"Alƙali mana, Baba!"

"Da me ya gane wurin?"

"Da ido!"

"Da ido? A ƙarƙashin ƙarti ashirin?"

"To ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima!"

"Wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa raba gonar gado ba! A kafa turken farko da ka, sannan a kawo sarƙa a ce saura yatsa biyu? Ai an gama cutarku tun kafin sarƙa ta iso. Awon banza ne!"

"Shi nake faɗa, Baba! Shekara nawa ina faɗa ba mai ji!"

"Da ni ne sai an sake awon nan tun daga tushe, ko da za a kwana a filin!"

Tsohuwar ƙasa ta bugo rufi da sandar tsintsiyarta. Baba ya lalubo sandarsa ya rama mata sau uku a daɓe. Ta yi shiru, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

A cikin shirun nan ne hankalina ya dawo. Ga ni tsaye ƙerere a kan surukina, kai ba hula, jijiyar wuya a tashe, shayi na bin ƙafata, na zagi uwar wani a gabansa. Na ce a raina na shiga uku, yau iskokai sun tabbata, ba goyon ciki kaɗai ba, auren ma sai an yi bincike. Na sulale na tsuguna a cikin shayin.

Sai kafaɗun Baba suka fara rawa. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da sauti sai girgiza. Matata ta yi kansa tana cewa, "Baba, ɗinkin! Don Allah, Baba, likita ya hana!" Ya dafe bandejin da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaga mata, da ƙyar ya tsagaita.

"Ashe da mutum a gidan nan," in ji shi. Da ni yake, ba ta bakin kowa ba. "Wata guda ina zaune da kai, ban ji muryarka ta wuce 'to' da 'na'am' ba. In na fito ka gudu. Ban taɓa jin ka tauna abinci ba, ban taɓa jin ka sa yarinyar nan dariya ba. Na ce ko zuwana ne ba ka so, ko kuwa haka kake da ita kullum, ta wuni ba mai ce mata uffan, a garin da maƙwabta ma da sanda suke gaisawa. Da aka ce mini kana da iskokai sai da na yi addu'a su tashi in ji. Mace a halin da take ciki ba a barinta a maƙabarta."

Na ce, "Baba, kunya ce. Kullum a tsugune nake. Takalmi ma tun daga filin jirgi na cire."

Ya ce, "To wa ya gani?"

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Wata guda ina yi wa makaho kunyar ido. Matata ta zauna a hannun kujera ta rufe fuska da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Maganar kujerun jirgi kuwa bai taɓo ta ba, ni ma ban isa in taɓo ba.

Ranar Laraba aka cire bandeji aka ba shi tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ina makaranta, ita ta raka shi. Da na dawo da yamma na yi sallama, jiki ya riga ya saba, na tsuguna a bakin ƙofa. Ya ɗago kai ya dube ni da wani ƙaton ido ɗaya a bayan gilashin, ya daɗe yana duba, ganinsa da ni na farko ke nan tun bayan ɗaurin aure. Idon ya sauka kan wandona. Gwiwoyin sun koɗe sun yi ƙyalli, ta hagu ma ta fara hujewa.

"Ashe da gaske kake," in ji shi. Ya yi gyaran murya. "Wandon nan ya sha wahala a banza. Tashi, ɗana. Gobe ka koma wurin masu jirgi ka ce kujera ɗaya ta isa. Uwarta ni zan san abin da zan faɗa mata, gwaggonta za ta zo ta yi mata wankan a nan, tunda na ga ruwan zafi a bango yake fitowa. Ranar Lahadi kuma kujera za ka hau kusa da ni. Ina so in ga fuskarka lokacin da ake cutarka."

Na miƙe, gwiwoyina suka yi ƙara, hawaye ya zubo mini ban shirya ba. Na shiga ɗaka na zaro hular ulu daga ƙarƙashin katifa na share fuskata da ita.

Ranar Lahadi na zauna a kujera kafaɗa da kafaɗa da surukina, matata na tsakar falo ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana ɓare mana gyaɗa. An ci mu ranar ma, wasa shida duka shida. Mu biyu muka yi zagin, tsohuwar ƙasa ta yi ta bugu har ta gaji.